Jawabi a Kan Karkatar Tantanin Ido da Aikin Tsagar Sassautawa

Jama'a, a gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai kamar gilashi, ta cikinsa haske ke shiga. Ga mai lafiyar ido wannan tantani yana da tudu bai ɗaya ta kowace fuska, kamar bayan ƙwarya. Amma ga waɗansu mutane tudun ya fi tashi ta fuska guda, sai ya yi siffar ƙwai. In haka ta faru, haske ba ya taruwa wuri ɗaya a bangon ido na ciki, sai mutum ya riƙa ganin abu dishi-dishi, na kusa da na nesa, fitilun mota da dare su yi masa wutsiya, karatu kuwa ya jawo masa ciwon kai. Likitoci na kiran wannan astigimatizim. Galibi da shi ake haihuwar mutum, amma rauni ko aikin fiɗa kan jawo shi.

Wani masani a Ingila, Thomas Young, ya bayyana shi a idonsa a 1801, kuma tun ƙarni na 19 ake gyara shi da tabarau. Har gobe tabarau ne magani na farko, shi ne mafi sauƙi da araha, kuma mafi yawan masu wannan lalura ba su bukatar wuƙa ko kaɗan.

Wanda ya fara gwada tsaga shi ne Hjalmar Schiøtz, likitan ido na ƙasar Norwe, a 1885. Hikimar abin ba ta da wuyar ganewa. In aka sassauta tsirkiya, baka yakan miƙe. Haka nan in aka yi 'yar tsaga a gefen tantanin, daidai fuskar da ta fi tudu, sai wajen ya saki ya ɗan kwanta, siffar ta komo kusa da daidai. Likita kan yi tsaga ɗaya ko biyu masu fuskantar juna, a lanƙwashe, zurfinsu wajen milimita 0.6, da wuƙa mai bakin lu'ulu'u wadda aka ƙayyade iyakar shigarta. A waɗansu asibitocin duniya hasken leza ke yin wannan yanka yanzu. Ba a sa mutum barci, maganin ɗigawa ne ke kashe zafin, kuma ba a ɗinki.

Aunawa ita ce rabin aikin. Ana gwada tudun da na'ura, sa'an nan a sa alama a idon tun majiyyaci yana zaune, domin ido yakan ɗan juya in mutum ya kwanta, tsagar kuwa in ta kauce wa gurbinta amfaninta ya ragu, ko ma ta ƙara karkatar. Yawanci ana haɗa aikin ne da na cire yanar ido, tun da an riga an shiga ɗakin fiɗa. Ƙaramar karkata kaɗai yake gyarawa; in ta yi yawa, akwai gilashi na musamman da ake dasawa cikin ido, ko gyara da leza.

Kada a ɗauka aikin ba shi da aibu. Naman mutane ba ya warkewa iri ɗaya, saboda haka gyaran kan gaza ko ya zarce, wani ma ya koma ga tabarau. Ido na iya bushewa na ɗan lokaci, ƙwayoyin cuta na iya shiga, wani jiƙon wuƙar ta huda tantanin. Wanda tantaninsa ya yi siriri yana tsirowa gaba bai dace da wannan aiki ba sam.

Kalmar tsaga kada ta ruɗi kowa. Wannan ba aikin wanzami ba ne, ba kuma na masu yawo ƙauye-ƙauye suna ture yana da tsinke ba, waɗanda suka makantar da mutane da dama. Likitan ido ne kaɗai ke yinsa, a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Mai son shawara ya tafi sashen ido na babban asibiti ko asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda aka yi wa aikin kuwa ya ɗiga magani kan lokaci, ya guji murza ido, ya ajiye kwalli da tozali har likita ya ba da izini. In ya ji zafi mai tsanani, ko idon ya yi ja, ko gani ya ragu, ya koma asibiti a ranar, kada ya jira ranar da aka ba shi.