Kasko da randa: jawabin malamin lakkol a taron ƙungiya

Iyayenmu dattawa, maigari, shugaban ƙungiya da ƴan biro, ƴan uwa da suka zo daga Yamai da waɗanda suka komo daga ci-rani, ina gaishe ku baki ɗaya. Biro ta ce in yi magana bisa wata sana'a ta garinmu. Na zaɓi ginin tukwane, don ita ce sana'ar da mu kanmu muke kashewa ba mu sani ba.

Kowa a nan ya ga maginiya, amma ƙalilan ne suka bi aikinta tun daga farko. Da rani take aiki, in an gama kaka. Ta tafi ramin yumɓu ta haƙo, ta shanya, ta daka, ta jiƙa. Yumɓu zalla tsagewa yake a wuta, sai ta cuɗa shi da tsingaro dakakke, ko ƙaiƙayin hatsi, ko kashin jaki, gwargwadon abin da za ta gina. Wata ta kifa tsohuwar tukunya ta shimfiɗa yumɓu a bayanta, wata ta sa curin cikin ɗan rami tana bugawa tana juyawa har ciki ya buɗe. Ba ma'auni, ba inji, amma kasko goma za su fito kai ɗaya. In ya sha iska ta shafa jar ƙasa, ta goge da tsakuwa ko da ƴaƴan kuka har ya yi sheƙi. Sannan a kai matoya, a jera, a rufe da kara da ciyawa da kashin shanu. Nan ne aikin sati biyu ke iya lalacewa dare ɗaya, in iska ta juya ko in akwai sauran danshi. Mai saye ba ya ganin waɗanda suka fashe, ita ko ta lissafa su.

To mi ya sa ruwan randa ke da sanyi? Wannan muna koya ma yara a lakkol. Wutar matoya ba ta kai zafin da zai toshe jikin yumɓu ba, saboda haka akwai ƴan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, shi kuwa in zai bushe sai ya tafi da zafi. Kamar zufa ce a jikin mutum. Shi ya sa randa ta fi sanyi cikin watan zafi, inda iska ke bugawa, kuma wanda ya shafe randarsa da siminti ko fenti don kada ta yi yoyo ya kashe ta. Wani malamin makaranta na Jigawa a Najeriya, Mohammed Bah Abba, da wannan dabara ya sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen rairayi tsakani, tumatir da gauta suka riƙa daɗewa ba firigo. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex.

Wajen abinci ma haka ne. Tukunyar ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta saurin sakinsa. Wake da nama su nuna a hankali, miya ba ta kamu. Tuwon da aka kwashe a kasko yana jiran mai gida ya komo daga masallaci da ɗuminsa. Waina kuma, ku tambayi tsofaffi ko ta tandar ƙarfe ta yi ta tandar ƙasa. Ni dai na ce ba ta yi ba.

Ba zan ɓoye laifinta ba. Tana fashewa, tana da nauyi, ba ta son tafiyar mota. Kasko yana shan mai, in ba a wanke shi an shanya a rana ba sai ya yi wari. Randar da ba ta da marfi, kowane yaro na tsoma hannu da moɗar da ta faɗi ƙasa, gudawa take rabawa. Wannan gyaransa marfi ne da moɗa mai tsabta da wanki.

Yanzu ga inda muka shigo, mu ƴan bariki. Wa ke kawo tsarabar roba da kwanon samira da kula daga Kano da Legas da Kwatano? Mu ne. Ba laifi ba ne, kayan suna da amfani. Amma a kanti an faɗa mana kuɗin kwano mu biya ba gardama, in maginiya ta ce dala 60 sai mu ce 30, mu kuma ƙara da "ai ƙasa ce". Yarinyar da ta ga ana yi ma uwarta haka, ta yaya za ta zauna ta koya? Sana'ar nan ba a rubuce take ba, a hannu take. Uwa ɗaya ta rasu ba ta koya ma kowa ba, sanin wane rami ne na tulu, wane ne na tukunyar miya, ya bi ta.

Wasu wurare ba su bar tasu ta faɗi ba. Mirya, kilomita 18 daga Damagaram, da tukwanenta aka san ta. Bubon, a bakin Kwara kusa da Yamai, matan garin na gina tuluna masu zanen fari da ja da baƙi, ran Laraba mutane na zuwa kasuwarsu takanas don su saya. Ku da kuke zuwa Najeriya, ku duba bayan takardar naira 20. Matar da ke zaune tana gini, Ladi Kwali ce, Bagwariya. Wajen ƴan uwanta mata ta koyi gini da hannu. A 1954 ta shiga ma'aikatar tukwane da wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda ake ce ma Suleja yanzu. Can ta yi farantai da kwanoni masu ƙyalli waɗanda ba su shan ruwa, har aka kai aikinta Landan. Ta rasu a 1984.

Abin da nake roƙon taro ba ya da tsada. A sayi randuna masu marfi wajen maginanmu, kowane aji na lakkol ɗaya, masallaci da tasha su ma, a biya kuɗin da suka faɗa. Iyayenmu mata, in ana jeren amarya, a bar ma tukunyar miya da kasko wuri kusa da samira. Babbar maganar kuwa taku ce, dattawa: ramin yumɓu. Gonaki da sababbin gidaje na matsowa, ramin kuma ba shi da takarda. Ina roƙon maigari ya sa a zaga shi a kafa iyaka gaban shaidu, biro ta kai maganar wajen magajin gari a rubuta, kafin damina ta faɗi. Maginan suna zaune can baya, ban ga an ba su magana ba tun da aka kafa ƙungiya. Ina roƙon shugaba ya kira su yanzu.