Haɗin Gyaran Jiki da Al'adar Mata



Yau maganarmu a kan haɗin gyaran jiki ce, wanda ake tallatawa daga Kasuwar Kure da ke Minna har WhatsApp. Ana haɗa garin hulba da garin waken suya, a dama da madara.

Waken suya yana da sinadarin da ke kwaikwayon istirojin, mai tsara al'adar mace. A abinci ba laifi. Amma in an tace shi ana ɗirka kullum, al'ada na iya rikicewa, lissafin ɗaukar ciki ya ɓace.

'Yar'uwa, ki duba lambar NAFDAC. In kina neman haihuwa, ki faɗa wa likita abin da kike sha. In al'ada ta canza, ki dakata, ki je asibitin Jummai Babangida Aliyu.

Lafiya uwar jiki. A huta lafiya.