Tafasa: Amfaninta Wajen Abinci, Magani Da Kasuwanci



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu dubi wani tsiro wanda ba wanda yake shuka shi, ba kuma wanda yake yi masa ban-ruwa, watau tafasa. Da zarar an yi ruwan farko sai ta fito a bakin hanya da juji da makiyaya. Ana gane ta da ƙananan ganyayenta guda shida, bibbiyu suna duban juna, waɗanda suke rufewa in dare ya yi, da furenta rawaya, da kwansonta siriri mai lanƙwasa kamar lauje. Masana tsirrai suna kiranta Senna obtusifolia. A dā suna lissafa ta cikin dangin Cassia, sai a 1982 Irwin da Barneby suka mayar da ita cikin Senna, tare da 'yan'uwanta rai-ɗore da filasko.

Da farko, sai mu ɗauki abinci. Ganyen tafasa yakan samu a tsakiyar damina, daidai lokacin da hatsin bara ya ƙare a rumbu, sabo kuwa bai nuna ba. Mata sukan tsinko mai taushi, su dafa, su zubar da ruwan, sa'an nan su yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ko dambu, ko miya. Wanda ya saura a shanya shi a adana domin rani. A farin 1973, da kuma ƙarancin abincin da aka yi a Nijar a 2005, irin waɗannan ganyaye na daji sun riƙe gidaje da yawa. Mutanen Darfur, a yammacin Sudan, sun ci gaba da nisa a wannan fanni. Sukan kirɓa ɗanyen ganyen, su zuba a tulu, su binne shi a ƙasa kamar mako biyu har ya ruɓa, sa'an nan su cuccura su shanya. Sunan wannan abu kawal, kuma yakan maye gurbin nama a miya, kusan yadda daddawa take yi mana. Hamid Dirar ya buga bincike a kansa a 1984.

Na biyu, magani. Masu maganin gargajiya sun daɗe suna daka ganye ko 'ya'yan tafasa su shafa a kan makero da ƙaiƙayi, suna kuma ba da ruwan dafaffen ganyen domin sassauta ciki. Bincike ya nuna dalilin haka, domin tsiron yana ɗauke da sinadaran antarakwinon, waɗanda suke motsa hanji, waɗansunsu kuma suna hana ƙwayoyin cutar fata yaɗuwa. To, amma a nan ne ya wajaba mu yi hattara. Sinadarin da yake warkarwa shi ne yake cutarwa in ya yi yawa. Ɗanyun 'ya'yan tafasa, in sun gauraya da abincin kaji ko na shanu da yawa, sukan lalata musu tsoka. Saboda haka bai kamata mace mai ciki ko ƙaramin yaro su sha ta a matsayin magani ba sai da shawarar likita.

Na uku, kasuwanci. A Sin da Koriya ana soya 'ya'yanta a yi shayi da su. Masana'antu kuma suna fitar da wani ƙaro daga cikinsu mai sa abinci kauri, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2010. Shi ya sa 'yan kasuwa suke sayen buhunan 'ya'yan tafasa a arewacin Nijeriya suna kai su Asiya. Mu muke tsinkowa, waɗansu suke sarrafawa, ribar kuwa tana can inda aka sarrafa.

Daga ƙarshe, ina da kira guda biyu. Ɗalibai, tun a 1916 Likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga su littafi. Ku koma wurin tsofaffinku ku rubuta abin da suka sani na awo da haɗi, kafin su tafi da shi. Ku kuma ma'aikatan gona, in kuna koya wa manoma feshin maganin ciyawa, ku tuna cewa abin da littafinku ya kira ciyawa, a wani gidan shi ne cefanen watan Agusta.