Gadar Da Ruwa Ya Kasa Karyawa

Yau zan kai ku karkarar Sifaniya, dab da iyakar Fotugal, inda wata gadar dutse ta ratsa kogin Tagus. Sunanta Alkantara, kalmar Larabci ce, ma'anarta gada.

Rumawa ne suka gina ta tsakanin shekarar 104 zuwa 106 miladiyya, zamanin sarki Trajan. Ku lissafa fa, sama da shekara 1,900! Baka shida gare ta, kamar bakan gizon da maginanmu ke yi wa soro. Sirrin ke nan: duk nauyin da ya hau, sai ya ƙara matse duwatsun da juna.

To ga abin da ya tsaya min a rai. Ambaliya ta sha zuwa, gadar tana nan daram. Mutane ne suka riƙa fasa ta lokacin yaƙi, kamar a 1809, da aka tarwatsa baka ɗaya don a tare sojojin Faransa. Sai a 1860 aka gyara ta sosai.

Mu kuwa kadarkon garinmu, damina biyu kacal ya yi ya rufta, har yau ta cikin ruwa yara ke zuwa makaranta. Naku fa, shekararsa nawa? Ku gaya min a kwament. Sai mun haɗu.