Ƙafar Direba da Kuɗin Fetur: Inda Mai Yake Salwanta a Tuƙinmu



Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, lissafin duk mai mota a ƙasar nan ya sauya. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. Farashi ba a hannunmu yake ba. Abin da wannan takarda za ta duba shi ne yadda muke ƙona man bayan mun saye shi. Hujjata ita ce yawancin ɗabi'un tuƙinmu mun gaje su ne daga zamanin Fijo 504 mai kafireta da fetur mai araha, kuma wasu dabarun da muke kira tattali su ne ma suke shanye man.

Bari mu fara da gudu. Mota a kan babbar hanya da iska take kokawa, kuma turjiyar iska ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in ka ninka gudu sau biyu, turjiyar ninkuwa take yi sau huɗu. Wanda ya tashi daga kilomita 100 a awa zuwa 120 ya ƙara wa injinsa turjiyar iska da kashi 44 cikin ɗari. Me ya samu? Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne. A kan 100 tafiyar awa biyu da minti goma sha takwas ce, a kan 120 kuma awa biyu ba minti biyar. Ribar ba ta kai minti ashirin da biyar ba, ita ma sai in babu shinge, babu cunkoson Kwanar Ɗangora ko na Zariya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ƙayyade wa motocin gida kilomita 100 a tagwayen hanyoyi, tasi da bas kuma 90. Don tsare rai aka sa dokar, amma aljihu ma yana cin moriyarta.

A cikin gari kuwa birki ne ɓarawon. Duk lokacin da aka taka shi, gudun da aka sayo da fetur ya koma zafi a ƙafar mota ya bi iska. Ku tsaya a kowace danja a titin Zoo Road na Kano ku gani: direba na hango jar wuta tun daga nesa, amma bai ɗaga ƙafa daga totur ba sai ya zo daf, sannan ya danna birki, fasinja su yi gaba su dawo. Ana ba da hannu kuma ya figi mota kamar an biyo shi. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa irin wannan tuƙin fizge-fizge yana rage nisan da mai zai kai mota da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari a cunkoso. Maganinsa ba ya buƙatar ko sisi: a riƙa kallon nesa, a bar tazara, a saki totur da wuri, a hau babbar giya da zarar inji ya yarda.

Yanzu ga wurin da na san za mu yi jayayya da manyan direbobi, wato sa mota a firi a gangare. A motar kafireta dabarar tana da ɗan tasiri. Amma Golf da Sharon da Corolla da suka cika tashoshinmu yau masu injekta ne, kwamfuta ce ke auna musu mai. A irin waɗannan, in mota na cikin giya kuma ka cire ƙafa daga totur, kwamfutar datse man take yi gaba ɗaya, tayoyi su ci gaba da juya inji. Kana sa ta a firi, dole a ba injin mai don kada ya mutu. Ke nan mai firi ya fi wanda ya bar giya shan mai a gangaren, ga shi kuma ya ɗora wa birki kaɗai nauyin tsayar da mota cike da mutane. Wanda yake kashe inji ɗungurum don ya gangara, wannan ya wuce batun tattali: bayan taku ɗaya ko biyu birki zai yi tauri, sitiyari ma haka.

Haka ɗumama mota da safe. Mutum ya tayar da inji ya koma ciki shan koko, ya dawo ya yi ta zuga totur. Injin zamani ba ya buƙatar haka, ko da a cikin hunturu ne. Ƙasa da minti ɗaya ya isa, sai a tashi a hankali, domin a tafe inji ya fi saurin ɗaukar zafi. Akwai abin da ya fi wannan, kuma a nan laifin na bakanike ne da mai mota tare: cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da aka yi wa haka yakan daɗe bai kai zafin da aka tsara masa ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta ƙara masa mai. Ka je gareji a gyara maka zafi, ka dawo da ciwon shan mai.

Taya mai ƙarancin iska tana jan mota baya. Ma'aunin da ya dace galibi yana nan a rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, amma mai faci yakan buga wa kowace mota awo ɗaya, wani ma da yatsa yake gwadawa. Kayan da ake ɗaurewa a saman mota, da but a wangale an ɗaure shi da igiya saboda buhuna, duk ƙarin turjiyar iska ne. Na'urar sanyaya mota tana shan mai, musamman a cunkoso. A babbar hanya kuwa sauke gilasai ma yana da nasa kuɗin, don haka ban ga dalilin gasa iyali a watan Afrilu ba.

Sai dai adalci ya sa in faɗi wannan: direban haya ba jahilci ne ke sa shi gudu ba. Layin lodi yake nema a ɗaya tashar, mai mota na jiran balas da yamma, fasinja na cewa "direba, ka taka mana". Muddin wanda ya riga isa shi ke samun lodi, wa'azin rage gudu zai tsaya a fatar baki. Wannan aiki ne na shugabannin tasha.

Shawarata ga kowace tasha ita ce a gwada da awo, a daina musu da baki. A cika tanki, a rubuta lambar maleji, a yi aikin mako guda yadda aka saba, a sake cikawa a raba litocin da kilomitocin. Mako na biyu a riƙe gudu a 90, a bar firi, a daidaita iskar taya. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100, in ta rage kashi ɗaya cikin goma kawai, ta tsirar da fiye da lita huɗu a kowace tafi-da-dawowa tsakanin Kano da Kaduna. A kawo sakamakon gaban taron reshe, direbobi su duba da kansu.