Yaushe Aka Kafa Cocin Firesbiteriyan Na Nijeriya?

Takarda ta gaba ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Kafanchan. Ya ce gardama ta ƙi ƙarewa tsakaninsa da abokin aikinsa: shi ya ce a 1846 aka kafa cocin Firesbiteriyan na Nijeriya, abokin ya dage sai 1960. Wai mu raba su.

To Malam, mun gode da takardarka, kuma kowannenku yana da tasa gaskiyar. Ranar 10 ga watan Afrilu, 1846, jirgin ruwa ya sauke wani fasto mai suna Hope Waddell a Kalaba, bisa yardar sarakunan Efik, Eyamba na Biyar da Eyo Honesty na Biyu. Wani coci na ƙasar Sikotland ne ya ɗauki nauyin tafiyar, amma shawarar daga tsibirin Jamaika ta taso, inda bayin da aka 'yanta a 1838 suka nemi a kai addininsu ƙasar kakanninsu. Har a cikin tawagar akwai mutanen Jamaika, kodayake su ba a cika ambatarsu ba, abin da ni dai nake gani rashin adalci ne.

Aikin bai yi sauri ba. Sai da aka shekara bakwai kafin a yi wa mutum na farko baftisma, wato Esien Esien Ukpabio, wanda ya zama fasto a 1872. Shi kuwa sunan da abokinka ya riƙe, wato Cocin Firesbiteriyan na Nijeriya, a 1960 aka raɗa shi. Asalin kalmar daga Girkanci take, ma'anarta dattijo, domin majalisar dattawa ke tafiyar da cocin, ba bishop ba.

Amma fa su masu cocin daga ranar saukar jirgin suke ƙidaya, shi ya sa suka yi bikin cika shekara 150 a 1996. In ka je Kalaba za ka tarar da makarantar Hope Waddell da aka buɗe a 1895, wadda Dakta Nnamdi Azikiwe ya taɓa karatu a cikinta. Can kuma kabarin Mary Slessor yake, baiwar Allahn nan da ta yi ta ceton tagwaye daga kisa, ta rasu a 1915.

Sai ka gaya wa abokin naka, ranar haihuwa ka faɗa, shi kuma ranar suna.