Jawabin Shugaban Kwamitin Gini Kan Kwangilar Ruwa da Fankoki



Mai girma Sarkin Ruman Katsina Hakimin Batsari, mai girma Yariman Katsina Hakimin Safana, malamanmu, dattawanmu, da dukkan waɗanda suka ba da dukiyarsu domin wannan gini, muna yi muku barka da zuwa.

Yau harsashi muke azawa, amma ina neman izininku in yi magana kan rijiyar burtsatse, da injin jan ruwa, da tanki, da bututun wurin alwala da na makewayi, da fankoki. Wani zai ce ai da sauran lokaci. Babu sauran lokaci, jama'a, gama bututu ta ƙarƙashin daɓe yake bi. In aka zuba kankare ba a san hanyarsa ba, sai an fasa abin da aka biya. Kowa a nan ya taɓa shiga masallaci mai doguwar hasumiya, ya tarar yara ne ke ɗebo ruwan alwala a jarka.

Saboda haka kwamiti ya ware wannan aiki daga kwangilar magina, za a yi masa tanda dabam. Injiniya mai rajista da hukumar COREN zai rubuta takarda guda, ya faɗi kaurin bututu, da ƙarfin inji, da girman tanki, da yawan fankoki. Ita za a ba kowane mai nema, domin in kowa ya rubuto son ransa ba za a san me ake gwadawa da me ba. Kowa ya kawo farashinsa cikin ambulan a liƙe, ba za mu buɗe ba sai sun kai uku.

Dokar ba da kwangila ta Gwamnatin Tarayya, ta shekarar 2007, ba ta hau kanmu ba, tun da kuɗinku ne ba na baitulmali ba. Amma mun ari abu guda daga cikinta: mai rahusa da ake ba aiki shi ne mafi rahusa cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Araha ba ta ado. Ƙasarmu ta Ruma da Safana a kan dutse take, ruwa kuwa a cikin tsagar dutsen yake ɓuya. Wanda ya rubuto kuɗin haƙa bai sa kuɗin awon ƙasa ba, kuma bai faɗi wanda zai ɗauki asara in rijiya ta fito ƙafaffa ba, wannan bai fi kowa sauƙi ba, ajiye mana rigima ya yi sai gaba. Haka wanda zai kawo injin da in ya lalace ba a samun kayan gyaransa a Katsina ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 farashin kaya bai zauna wuri guda ba, don haka kowa ya rubuta kwana nawa farashinsa zai tsaya, ya kuma kawo lissafi biyu, na sola da na janareto. Mai zuwa daga nesa ya faɗa tun yanzu ko ma'aikatansa za su yarda su kwana a nan, kusa da dajin Rugu. Ba ma son wanda zai karɓi kafin alƙalami sannan ya tuna da hanya. Kafin alƙalamin ma ba za a ba da shi ba sai da mai tsaya masa, kuma za a riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har damina guda ta wuce a kan aikin.

Saura magana mai nauyi. Cikinmu 'yan kwamiti akwai mai ɗa ɗan kwangila, akwai mai suruki. Ba a hana su nema ba, amma duk wanda nasa ya shiga zai faɗa, ya tashi daga zaman tantancewa. Ina roƙon iyayenmu masu ba da gudummawa, don Allah kada a aiko mana da takarda a ce a duba wane.

Za a buɗe ambulan a wannan fili bayan sallar Juma'a, gaban Liman da wakilan hakimai, magatakarda ya karanta kowane farashi da ƙarfi. Za a sanar da ranar mako biyu kafin ta zo, in Allah ya yarda.

Wassalamu alaikum.